Ai Motar Ta Yi Magana

Mai Kunne ake ce masa, ba don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana kanikanci a wata rumfar kwano bayan tasha, wadda ƙasarta ta sha baƙin mai har ta daina shan ruwa. In aka kawo masa mota ba ya tambayar direba komai. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Minti ɗaya ya ishe shi. Ya ɗago ya ce wuri kaza ne, in an kwance kuwa a tarar wurin ne.

Wurin ubansa ya gaji aikin, ya kuma gaji abin da ya fi aikin nauyi. Tsohon ya sha gaya masa cewa kunne amana ce, Allah ba ya kunyata wanda ya tsare amanar aikinsa, kuma zalunci ne ka kwance wa mutum abin da bai yi kuka ba don kawai a ce ka yi aiki. Mai Kunne ya riƙe maganar nan kamar yadda ya riƙe sallarsa. Sauran makanikai su warware mota kaca-kaca suna lalube, shi kuwa abin da ya yi kuka kaɗai yake taɓawa.

Har nan babu laifi. Inda abin ya ɓaci, shekaru sun yi ta ba shi gaskiya har ya ɗauka ya gano yadda duniya take tafiya. Duk motar da aka jawo bayan haɗari sai ya leƙa cikinta, kuma sai ya samo abin da ya daɗe yana kuka aka share shi. Daga nan ya yanke cewa masifa ba ta zuwa sai ta yi sallama, mutane kuma iri biyu ne, mai saurare da mai ganganci. Bawan Allah nan har gidan rasuwa yake kai wannan hukunci. Ana ta ba masu makoki haƙuri, shi sai ya girgiza kai ya ce, "Ai motar ta yi magana, ba a saurara ba."

"Haba Malam," in ji matarsa ran da labarin ya riga shi dawowa gida. "A gaban uwar mamaci? Ka ce ƙaddara kamar kowa mana."

"Na yarda da ƙaddara," ya ce. "Amma ba ƙaddara ce ta hana shi sa giris ba."

To, kunnen ya fara tafiya ne a hankali, yadda ba mai lura. Kiran salla ya riƙa zuwa masa kamar daga wata unguwa. Rediyon rumfa ya ƙara mata murya har mai faci na kusa ya fara mita. A gida sai an kira shi sau uku. Shi ya sani, ya fi kowa sani, amma ina zai kai maganar? A lissafinsa Allah ba ya karɓe amana sai daga hannun wanda ya ci ta. Ya zauna ya bincike rayuwarsa kaf, bai ga inda ya cuci kowa ba, saboda haka ya gaya wa kansa mura ce. Ya koyi kallon leɓen mutane yana gyaɗa kai. Manyan ƙwanƙwasar inji har yanzu yana jin su ta ƙashin kai in ya manna sukundireba, shi ya sa asiri bai tonu ba. Ƙananan kukan nan sirara ne suka tafi, su kuwa su ne aikin.

Yana da ƙani guda, Auta, wanda ya raina da hannunsa bayan rasuwar ubansu. Auta direban motar kaya ne, mai yawan barkwanci, kuma duk duniya babu wanda ya yarda da kunnen yayansa kamar shi. Wata safiya ya shigo da motar har bakin rumfa.

"Yaya, saurara mini tayar gaba ta dama. Hanya mai nisa zan kama yau."

Mai Kunne ya sa jak ya ɗaga motar. Abin da ake nema a nan boris ne, zoben ƙarfen da taya take juyawa a kansa, wanda in ya fara mutuwa yake wani siririn kuka tun kafin ya saki. Ya wulwula tayar da hannu, ya durƙusa, ya kai kunne. Shiru. Ya sake wulwulawa, ya juya ɗaya kunnen. Shiru.

Zuciyarsa ta ce ya kwance ya gani da ido, aikin rabin awa ne. Amma shekara talatin bai taɓa kwance abin da bai yi kuka ba, kuma Auta na tsaye a kansa, ya san dokar sarai. Ɗaukar sifana a wurin nan daidai yake da cewa kunnena ya mutu, Allah ya karɓe abinsa. Bai iya ba. Ya miƙe ya goge hannu.

"Lafiyarta lau."

Auta ya faɗi wata magana yana nuna tayar. Mai Kunne ya ga leɓe na motsi, ya gyaɗa kai yadda ya saba. Auta ya yi dariya, ya ɗaga masa hannu, ya ja mota.

Kafin la'asar labari ya iso. Tayar ta fice a kan gangara, motar ta kifa da kayanta, Auta bai kai asibiti ba. Da aka jawo abin da ya rage, Mai Kunne da kansa ya kwance wurin. Boris ɗin ya ƙone ƙurmus, ya niƙe. Duk wanda ya san ƙarfe ya san wannan ya yi makonni yana kuka.

Mutane suka cika gidan Auta. Kowa ya durƙusa gaban Mai Kunne sai ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Har waɗanda ya taɓa yi wa maganar nan ta rashin saurare a ranar makokinsu sun zo, kuma ko ɗaya bai rama ba. Wallahi da sun rama da ya fi masa sauƙi. Yana son kalmar ƙaddarar, yana ƙishinta, amma ta ƙi shiga, don shi da kansa ya yi shekara talatin yana hana mutane ita.

Bayan kwana biyu matar Auta ta aiko a kira shi. Ya same ta a bakin ƙofar ɗakinta, mata na zaune a tsakar gida. Ba faɗa ta kira shi ba, ta ɗauka ma abin da za ta faɗa zai sanyaya masa rai, ya san yadda ƙaninsa ya riƙe shi. Ta sunkuyar da kai ta yi magana a hankali.

"Na'am?" in ji Mai Kunne.

Ta maimaita. Ya matso, ya karkata kai. "Me kika ce?"

Sai ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, kuma ya ga lokacin da ta gane. Ta ɗaga murya.

"Na ce ya kira ni a waya daga hanya. Ya ce har yanzu yana jin tayar tana kuka, amma tunda Yaya bai ji komai ba, to shi nasa kunnen ne ke yaudararsa."

Wannan karon ya ji, matan tsakar gida ma sun ji.

Rumfar na nan bayan tasha, a kulle. Mai Kunne yana zuwa masallaci, yana dawowa, yana zama a ƙofar gida. In baƙo ya tambaye shi me ya sami ƙaninsa, ƙaddara ba ta faɗuwa a bakinsa, ɗaya maganar kuma, cewa motar ta yi magana, ba ya iya faɗinta.