Duwatsun Madam Debora

Madam Debora mutuniyar Dogon Dutsi ce. Aikin koyarwa ya kawo ta ƙasar Adar tana da goyo, a nan kuma furfura ta same ta. Lakwal ɗin da aka fara tura ta, wato makarantar firamare, tana wani ƙauye kusa da Affala.

Wata ranar kasuwa wani makiyayi mai suna Rissa, uban wata ɗalibarta, ya tsaya bakin aji. Ya kwance gefen rawaninsa, ya miƙa mata wani ɗan dutse.

"Madam, ku da kunka yi karatu, mine ne wanga? Bisa tudu na tsince shi, inda ko raƙumi ba ya samun ruwa."

Ta jujjuya shi a tafin hannu. Katantanwa ce sak, da murɗinta da komi, sai dai ta zama dutse. A makarantar horon malamai an taɓa gaya musu cewa shekaru miliyoyi da suka wuce teku ce ta rufe ƙasar nan. Ta haddace don jarrabawa kawai. Sai ran nan ta yarda.

Daga nan ta shiga tarawa. Labari ya bazu cewa Madam na son duwatsu masu siffa, sai mata masu itace suka riƙa kawo mata a bakin zane. Wani mai haƙar rijiya a Bambeye ya aiko mata da haƙorin kifi. Kowane ta sa shi cikin kwalin ashana ko gwangwanin tumatir, da 'yar takarda mai sunan wanda ya tsinta da wurin da ya tsinta. Da aka yi mata canjin aiki zuwa birnin Tawa, duwatsun sun fi kayan ɗakinta nauyi. Shekara ashirin da takwas tana ɗora su a tafin yara, tana cewa su shafa da kyau kafin ta yi bayani.

Da ta ajiye aiki, mijinta Yunana ya ce ta kwaso su gida. Ta ƙi. Ta ce ba nata ba ne, na yaran Adar ne. Ta jera su a ɗakin ajiyar lakwal, ta ba da mabuɗi.

Lokacin babban hutu aka kawo sabon darakta, shugaban lakwal ɗin. Yana neman wurin ajiye siminti, sai ya sa aka fitar da komi waje. Magini kuwa tsakuwa ta yanke masa yana tsakiyar zuba matakalar ofis. Aka zazzage gwangwanayen cikin kwaɓi, aka ƙone takardun tare da shara.

Da aka dawo hutu, Balkisa, wadda Madam ta koyar tun tana ƙarama, yanzu kuma malama ce a lakwal ɗin, ita ta hau kabu-kabu ta je ta faɗa mata. Madam ko ɗankwali ba ta canza ba, ta nufi lakwal.

Ta iske matakalar ta bushe. Ta durƙusa da ciwon gwiwarta, ta ga bayan wata katantanwa ya leƙo daga siminti, an riga an taka shi da takalmi.

Darakta ya fito yana murmushi. "Haba Madam, tsakuwa ce fa. Duk Adar dutse ce. In kina so sai in sa a juye miki mota guda ƙofar gida."

"Mushe darakta, ka buɗe ko gwangwani ɗaya?"

"Ina na ga lokaci?"

"Kai ne shugaban masu koya wa yara karatu, takarda ɗari uku ta bi ta hannunka ba ka karanta ko ɗaya ba!" Ta ɗaga murya, har malamai suka leƙo ta taga. "Mutanen da ba su taɓa zama aji ba sun ga dutsen nan sun san ba banza ba ne. Sun ɗauko shi daga daji a ƙafa. Kai mai takardar shaida ka yi matakala da shi."

Ya ce zai duba lamarin, ya shige ofis ta kan matakalar.

Adamu maginin ne kunya ta kama. Kashegari ya zo da kurfi da guduma, ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya yi ta sassaƙa har azahar. Duwatsu tara ya fitar, huɗu ne kawai ba su fashe ba. Ya kai mata gida a cikin hularsa.

"Inna, wallahi da na sani, da hannuna bai taɓa su ba."

Ta ce ba shi da laifi, ta sa aka kawo masa ruwa.

Ta sayi sabon littafi tana ƙoƙarin rubuta sunayen da aka ƙone daga ka. Arba'in da ɗaya ta tuna, sauran sun ɓace mata. Darakta bai taɓa zuwa ba da haƙuri ba. Har yau in za ta kasuwa, sai ta ce wa mai kabu-kabu ya zaga ta bayan asibiti, kada ya bi ta gaban lakwal, ko da hanyar ta fi nisa.