Guntayen Igiya a Gaban Babban Ɗan Sanda

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma na taɓa kayar da mai digiri a lissafi, kuma a gaban shaidu.

Sana'ata tufkar igiya. A wajenmu ɓarawon akuya ba ya tsayawa kwance ƙulli, yankewa yake yi ya bar guntu a turke. Mu kuwa ba ma yar da igiya. Mai akuya zai kawo mini guntun in ƙara masa, in datse bakin da wuƙa ta ci in jefa bayan rumbu. Saboda tsabar tsegumi, na unguwarmu dama nake jefa su, na tsallaken rafi hagu.

Wata shekara, da ɗaukewar damina, aka fara turo mana motar sintiri. Tsallake ba ta zuwa, babu hanya. Ana cikin haka babban ɗan sandan yankin ya zo ƙofar mai unguwa da littafinsa, ya ce zai janye motar, wai tun da ta fara zuwa ƙarar sata ƙaruwa ta yi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da can wa zai bar gona ya tafi har Bici kai ƙarar akuya? Yanzu kun kawo ofis bakin ƙofa, ko kazar mutum ce ta yi nisan kiwo sai ya tare ku."

Ya ce, "Baba, mu da alƙaluma muke aiki."

Na ce, "Ni nawa alƙaluman suna bayan rumbu. Sai dai a yi haƙuri da kashin kaji."

Na kwaso su na zube kashi huɗu. Waɗanda ruwan sama ya baƙanta na kafin mota ne, masu haske na bayanta. Na tsallake, tsoho da sabo kai ɗaya. Namu kuwa tsohon tuli guda, sabon ko tafin hannu bai cika ba.

Ɗan sandan ya ce ƙila ɓarayin ne suka tuba. Na ce to tuban nasu a bakin rafi ya tsaya ke nan, bai iya ruwa ba.

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana gyaran hula, kafaɗunsa na rawa don dariya. Jami'in ya tsuguna, ya daɗe yana jujjuya guntayen, sannan ya tambayi inda na koyi wannan. Na ce haka muke gwada taki a gona: a zuba wa kunya ɗaya, a hana ta kusa da ita.

Motar tana zuwa har yau. Ni dai aikin ƙarin igiya ya ja baya, kuma na san wanda ya jawo mini: ni da bakina.