Rilwanu, Ba Bakin Tayyiba Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairun 2025, wadda ta zo daidai da sha uku ga Sha'aban, Allah ya karɓi ran ƙanena Injiniya Rilwanu Maitama Kazaure a garin Sterling da ke jihar Virginia, yana da shekara arba'in da huɗu. Da hantsi ya fita da shebur ya kwashe dusar ƙanƙarar da ta toshe ƙofar gidansa, ya gama ya tsallaka ya fara ta maƙwabciyarsa. A nan ya dafe ƙirji ya durƙusa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Sadiyya da 'ya ɗaya tilo, Tayyiba, mai shekara sha ɗaya. Ni ce yayarsa Sailuba, ina aikin jinya, ina zaune a Beltsville.

Rilwanu, ni na goye ka kana jariri, ni kuma aka kira daga wurin aiki na zo na shaida gawarka. Na ɗauka kai za ka tsaya a kaina, sai ga shi ni na tsaya a kanka. Ban ja da hukuncin Allah ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar sadakar uku, kuma ka san halina, ba na iya haɗiye irinta.

Bari na fara da alherinka, don shi ya fi yawa. Kusancin gidanka da filin jirgin Dulles ya mai da kai direban kowa. Duk wanda zai sauka daga gida, ka san shi ko ba ka san shi ba, lambarka ake ba shi. A bayan motarka kullum akwai rigar sanyi a ninke, domin ka ce mutanenmu ba sa yarda da labarin sanyin ƙasar nan sai ya mare su a ƙofar fita. Chuwang, ɗan Jos ɗin nan da ya sauka a wani watan Janairu shekarun baya da 'yar riga mai gajeren hannu, a falonka ya zauna har ya ci jarrabawar jinya ya kama ɗakinsa. Ranar da muka kai ka makwanci, da rigar sanyin da ka ba shi ya zo, duk ta ƙoɗe, ya tsaya daga gefe yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Maƙwabciyar da ka faɗi a ƙofarta, Mama Edna ce, tsohuwar nas 'yar Kagoro da ciwon gwiwa ya zaunar. Shekara da shekaru ba ta taɓa roƙon ka ba, kai ma ba ka taɓa jiran godiya ba. In ta leƙo ta taga ta ga an share mata hanya, ta san kai ne.

Laifinka ɗaya da na sani, taurin kai a kan magani. Ka san hawan jini ne ya kai Baba kabari, ka san kai ma ka gada. Na yi faɗa, na yi lallashi, na saya maka na'urar awo, ka ajiye ta a kan firji ta zama abin ado. In na matsa sai ka ce, "Yaya, ƙwayoyin nan kasala suke sa ni," ka jawo kilishinka ka ci gaba da ci. Ina rubuta wannan ne ba don in tona maka asiri ba. Ina so duk mai karantawa ya riƙe shi a ransa, domin zai buƙace shi nan gaba kaɗan.

Ba ka da abin alfahari kamar Tayyiba. Farfesa kake kiran ta, saboda tun tana shekara bakwai ba ta da zance sai na mutanen da suka mutu tun kafin kakan kakanmu. Ranakun Asabar ka ɗauke ta ku shiga jirgin ƙasa ku je gidajen tarihin da ke jere a tsakiyar Washington, ita tana karanta kowane allo har ƙarshe, kai kana neman benci. Ka taɓa ce mini ta fi ka sanin daular Borno, kuma ba ka ji kunyar faɗa ba. Abu ɗaya ke damun ka game da ita. Tana jin Hausa tsaf, har habaici tana ganewa, amma ba ta taɓa mayar maka da jimla guda da ita ba. Ka yi mata Hausa, ta ba ka amsa da Turanci.

Bara ka yi mata alkawarin in ta shiga makarantar tsakiya za ka kai ta birni ɗaya a Turai, ku biyu kawai, kwana huɗu ko biyar a hutun watan Afrilu. Nan rigima ta tashi a kan teburin cin abinci. Ita Rum take so, ta ga filin da ake haɗa mutane da zakuna. Kai Andalus kake so, ka ga abin da Musulmi suka gina suka bari. Ta shige ɗaki, bayan 'yan kwanaki ta fito da taswira ta shimfiɗa maka. Ta ce ta samo garin da kowa zai sami nasa, Ƙurɗuba ta ƙasar Sifen, inda gadar da Rumawa suka gina take daf da babban masallacin da kake mafarki. Ta tsara cewa ku sauka a Madrid ku kama jirgin ƙasa. Ta hana ka ɗaukar otal a bayan gari, ta ce mai son tarihi a cikin tsohon gari yake kwana, ya taka da ƙafarsa. Ta kafa dokar wuri biyu kawai a rana, wai saboda ƙafafun Abba. Kai ka tsaya a kan inda za a sami naman halal da wurin salla. Ita da shuɗin fasfon Amurka ba ruwanta da biza, kai da koren na Najeriya sai da ka je ka bi layi, ta yi ta yi maka dariya.

Sharaɗi ɗaya ka kafa mata, cewa in kun shiga masallacin nan, da Hausa za ta yi maka bayaninsa. Ta ce maka, da Turanci, za a gani.

Sai kuma al'adarmu ta gida. Inna ta raine mu a kan cewa ba a faɗin tafiya sai an isa, saboda bakin mutane. Lokacin da za ka taho Amurka, maƙwabtanmu a Kazaure sun ɗauka Kaduna ka je, sai da ka yi wata guda a nan aka sanar da su. Shi ya sa ka ce wa Tayyiba ta bar zancen a cikin gida. Ta tambaye ka dalili, domin ita ba ta karɓar magana ba hujja, ka rasa abin faɗi sai cewa haka muka taso.

Yarinya ce, kuma murna ta cika mata ciki. A wani bikin suna da muka je garin Clinton a watan Janairu, wata daga cikin mata ta tambaye ta me take karantawa yanzu. Ai kuwa kamar an buɗe famfo. Ta zayyana musu garin da za ku je, da watan tafiyar, da gada, da ginshiƙan masallaci masu zanen ja da fari. Ina wurin. Ka leƙo daga ɓangaren maza ka ce, "Farfesa, ki ce in sha Allahu mana." Ta ce in sha Allahu. Da yamma ka kira ni kana dariya, ka ce, "Yaya, Farfesa ta yi mana shela, yanzu kam ba damar fasawa." Ni shaida ce, gaban Allah, dariya ka yi.

Ranar sadakar uku falonka ya cika da mata. Mama Edna ta dogaro sanda ta shigo tana kuka, tana cewa ita ta ja maka, da ba don ƙofarta ba da kana nan. Wata Hajiya da ba zan kira sunanta ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, ta riƙe mata hannu ta ce ta daina saɓo, kwana ne ya ƙare. Ta faɗi gaskiya. Ba a jima ba Tayyiba ta shigo da faranti tana raba dabino. Wannan Hajiya dai, da wannan bakin dai, ta nuna ta da haɓa ta ce, "Ai ita ce yarinyar. Ta tsaya gaban jama'a ta zayyana gari da wata. Tun a lokacin gabana ya faɗi. Baki shi ke yanka wuya." Wata ta ce mata ta yi a hankali, yarinyar na kusa. Hajiyar ta ce, "Ina ta ji? 'Ya'yan Amurkan nan ko zo ba su sani ba." Wasu suka gyaɗa kai. Sadiyya, kanta a sunkuye cikin hijabin takaba, ta ce a hankali, "Ubanta dai ya ce mata ta yi shiru."

Ina fitowa daga kicin na tsinci ƙarshen maganar. Na ɗauko wa Hajiyar takalmanta na ajiye mata a gabanta, na riƙe mata ƙofa har ta fita, kuma ko gobe haka zan yi. Amma magana zarar bunu ce. Tayyiba ta riga ta ajiye farantin a kan tebur, ba ta zubar da ko ƙwaya ɗaya ba, ta hau sama.

Tun daga ranar yarinyar da ba a iya tsayar da bakinta ta zama sai e da a'a. Ta cire taswirar daga bangon ɗakinta. Littattafanta ta juya su suna kallon bango. Malamarta ta tarihi ta kira gida tana tambaya ko lafiya, wai ta daina ɗaga hannu a aji.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, na same ta zaune a bakin gado. Na zauna kusa da ita. Can ta ɗago ta dube ni, ta buɗe baki a hankali, tana ɗora kalma a kan kalma, harshen na karkacewa irin na yaran nan. Ta ce, "Gwaggo, ni na kashe Abba?"

Rilwanu, ga Hausar da ka yi shekaru kana roƙo. Jimlarta ta farko ke nan, cikakkiya, ba kuskure ko ɗaya. Na gode wa Allah da ba ka ji ta ba.

Na san 'yarka ba ta karɓar lallashi sai hujja, don haka hujja na ba ta. Na zana mata zuciya da jijiyoyinta, na nuna mata yadda suke toshewa a hankali cikin shekaru, tun kafin ta san akwai wani gari Ƙurɗuba. Na gaya mata yadda sanyi da ɗaga shebur suke yi wa mai hawan jini. Na gaya mata kakanta ma haka ya tafi, kuma shi ko tasha ba ya shirin zuwa. Na gaya mata ajalinka a rubuce yake tun kafin a haife ta. Na gaya mata dariyar da ka yi a waya. Ta saurara har na gama, sannan ta koma Turanci ta ce, in haka ne me ya sa Abba ya ce kada ta faɗa, me ya sa Mamanta ta ce abin da ta ce. Na yi ta kame-kame, ita kuma ta ga ina kame-kame.

Sai na ce mata to shi ke nan, ni zan kai ta, zan ɗauki hutu a wurin aiki, in Afrilu ta zo mu biyu za mu hau jirgi mu tafi. Ban kai ga kiran sunan garin ba ta zabura ta toshe mini baki da tafin hannunta, da ƙarfi har leɓena ya bugi haƙori. Ta sake yin Hausa ta ce, "Gwaggo, yi shiru. Kada ke ma."

To Hajiya, ke da waɗanda suka gyaɗa miki kai, ga aikinku nan. Kun sami hikimar ce wa tsohuwa kwana ne ya ƙare, kuka rasa ta a kan marainiya. Kun yi gaskiya a abu ɗaya, baki yana yanka wuya, na ga wanda ya yanka a falon ƙanena. Ko za mu yi tafiyar nan ko ba za mu yi ba, ba mai ji daga bakina, domin ta sa na rantse mata. Kun koya mata darasin da ubanta ya kasa koya mata, kuma ta haddace.

Sadiyya, ina yi miki ta'aziyya, kuma ban riƙe ki ba, na san zafin rashi ne ya yi magana. Amma tawa hujjar ta ƙare, taki kalmar take jira. Ki hau sama ki zauna a bakin gadon nan ki janye abin da kika faɗa, da Hausar da kika faɗe shi, domin tana ji.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan'uwanmu na Kazaure, da abokan aikinsa, da jama'ar masallacin Sterling da suka yi masa sutura suka sallace shi cikin sanyi, da Chuwang, da Mama Edna wadda nake roƙo ta daina ɗora wa kanta abin da ba nata ba.

Allah ya jiƙan ka, Rilwanu. Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Yadda ka rufa wa baƙi jiki daga sanyi, Allah ya rufe ka da rahamarsa, ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna Firdausi. Mu da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen, ya tsare mana harsunanmu a gidan makoki. Ya Allah, kai ka bai wa yarinyar nan baki, bayinka suka rufe shi. Ka mayar mata da abinta. Amin.