Abdulgani na Masama, Wanda Ya Tuɓe Riga a Kasuwar Kalgo

Da an idar da sallar asuba a Masama, kafin mata su hura wuta, za ka jiyo ƙarar ƙarfe daga bayan gidan Abdulgani. Kayan motsa jikin nasa ba wasu na a zo a gani ba ne: sandan ƙarfe da ya ciro daga wata matacciyar mota, da manyan gwangwanaye da ya cika da siminti ya soka gefe da gefe. Ya ɗaga, ya sauke, har gumi ya wanke shi, sannan ya sha kunun da matarsa Rahamatu ta dama, ya nufi gona. Ranar kasuwar Kalgo kuwa, shi ke loda buhunan albasa a mota. Haka muka taso muka same shi, tun Gwandu na cikin Jihar Sakkwato.

Mutanen Maruda ba su manta da damunar da amalanken shanu ya kife kan wani manomi a cikin taɓo ba. Ana ta neman igiya, Abdulgani ya sa kafaɗa ya ɗaga har aka jawo mutumin da ransa.

Shekaru suka ja, furfura ta cika masa gemu, amma damtsen bai gudu ba. Nan surutu ya tashi, wai wanda ya haura sittin ba ya ajiye irin wannan ƙirji sai da ƙwaya ko allura. Ya ji, ya yi dariya kawai. Ashe wani mai tallan magani a Kalgo ya mai da zancen jari. Sai ya ɗaga kwalba ya ce wa samari, "Wannan ita Abdulgani ke sha."

Cikin waɗanda suka saya har da Khalilu, ɗan ƙanwarsa Kulu, wanda ya fara suna a kokawa. Ya yi ta sha a ɓoye har fuska da ƙafafu suka kumbura, aka kwantar da shi asibiti. Kulu ta samu yayanta a tsakar gida.

Ta ce, "Yaya, ɗana ya ce da kai yake koyi. Gaya mini tsakaninka da Allah, kana sha?"

Ya dube ta. Ya ce, "Kulu, har da ke?"

Da kasuwa ta zagayo, ya je gaban mai maganin ya tsaya. Mutumin da ko a wurin lodi ba ya tuɓe riga saboda kunya, ran nan ya tuɓe, jama'a suka kewaye shi.

Ya ce, "Ku matso ku duba da kyau." Ya kama fatar da ta saki a ƙasan damtsensa ya ja. Ya nuna cikin da ya tattare, da kafaɗar hagu da ba ta miƙewa sama. "Buhun da nika ɗauka da hannu guda, yau sai na sa biyu. In da akwai maganin tsufa cikin wagga kwalba, da na bari ya kama ni haka? Abin da ya rage a jikina, tuwon gero ne da ƙarfe da haƙuri."

Ya juya ga mai maganin ya ce, "Kai kuma, ka fid da sunana daga bakinka." Kafin la'asar mutumin ya naɗe tabarmarsa.

Ba kowa ya yarda ba, har yau akwai masu gunaguni. Khalilu ya tashi, amma bai sake shiga filin kokawa ba, kuma wannan na ci wa Abdulgani rai. Sai dai tun daga lokacin samari daga Gwandu har Dodoru ke zuwa koyon ɗaga ƙarfe wurinsa, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: wanda ya haɗiyi ƙwaya kada ya taka masa gida.

Bana ya ce ya bar lodi, gwiwa ta gaji.

Abdulgani, gagarau na Rahamatu, kai ne ka nuna rauninka a tsakiyar kasuwa, a lokacin da ake yi maka kallon wanda tsufa ya kasa. Kai ne ka zaɓi a gan ka tsoho da a yaudari 'ya'yan mutane da sunanka. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma samari masu son ƙirji irin nasa cikin wata guda, ku je Masama tun yana nan. Zai ba ku ƙarfe ku ɗaga, kuma ba zai ɓoye muku yadda jikin zai koma ba.