Malam Atiku da kujerar da ba a zama

Da hantsi, tun rana ba ta kai tsaka ba, ƙasar tashar Isa ta riga ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Sama fes, ba ko ɓurɓushin girgije, yadda ta saba mana shekara biyu ke nan. A irin wannan lokaci za ka tarar da Malam Atiku direba durƙushe a ƙofar bayan motarsa, da gashin zabo a hannu, yana share wata 'yar raga da ke gefen kujera. Sai ya gama da ita tsaf, ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, sannan ya ce wa ɗan kamasho ya kira fasinja.

Ni karatuna bai yi nisa ba, albasa nake kaiwa kasuwa. Amma na daɗe ina shiga motar nan tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma na ga gara a faɗi alherin mutum tun yana ji da kunnensa.

Motar tasa mai ciki biyu ce, tana tafiya da fetur, tana tafiya da batir. Daga Kwatano aka kawo masa ita ta hanyar Maraɗi. Ranar da ta fara shigowa tasha ba wanda ya ji zuwanta, sai ganinta aka yi tsaye. Wada, abokin lodinsa, ya kewaye ta ya ce, "Malam Atiku, wagga mota ta ko ɓarauniya? Sanɗa hwa takai." Makanikai suka leƙa cikinta, suka ga wayoyin da ba su saba da su ba, kowa ya ja da baya. Abu guda mai sayarwa ya ja masa kunne a kai: babban batirin yana bayan kujera, kuma ta wannan 'yar raga yake shan iska. In aka toshe ta cikin zafi, dahuwa zai yi.

Shi ya sa, a tashar da kowa ke ɗaukar mutum huɗu a baya, shi uku yake ɗauka, ya bar gefen ragar fayau. Ba mutum, ba buhu, ko bakin riga bai yarda ya rufe ta ba. "Wurin numfashinta na," haka yake cewa. Wada kuwa ya sa wa wurin suna kujerar aljani. Kullum sai ya ce, "Mai gidan naka ya zamna? To, a sauka lahiya." Malam Atiku bai taɓa tanka masa ba.

Sai damina ta yi gardama. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, rijiyoyi suka ja da baya, fetur kuma ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Direbobi da yawa suka jingine motocinsu, waɗanda suka rage suka ninka kuɗin mota. Ban ga laifinsu ba, motocinsu shan bijimi suke yi. Ta Malam Atiku kuwa kurɓa take kamar raƙumi, shi kuma bai ƙara ko sisi ba. Matan Unguwar Lalle sun shaida yadda yake tsayawa ya ɗauki jarkokinsu in ya tarar da su a hanya. Yero makiyayi ya gaya mini da bakinsa cewa har ruga ya kai masa dusa lokacin da shanunsa ba su iya miƙewa. A wannan shekara, in talaka yana da tafiya, motar nan ce ƙafarsa. Rayuwar motar kuma tana ga ragar nan.

Ranar da nake son in ba da labari ina cikin motar, a baya. Tsakiyar bazara ce, bayan azahar. Mun wuce Turba kaɗan sai ga wata tsohuwa tsaye a tsakiyar hanya ta ɗaga hannu biyu. Inna Habi ce, Bafulatana. Surukarta Fadima, da tsohon ciki, ta faɗi a gefen hanya sun taso daga ɗiban ruwa. Idonta a kafe, leɓenta ya tsage. Ba inuwa ko ta ƙaya a wurin, balle a sauke wani a bar shi.

Na koma gaba na matsu da Usmanu tela, Inna Habi ta zauna wurina. Wurin da ya rage wa Fadima guda ne. Aka jingina ta a nan, bayanta da zanenta suka rufe ragar ruf.

Usmanu ya ce a hankali, "Malam, ragar hwa?"

"Na gani," in ji shi.

Hanyar yashi ce, ba a gudu. Ba mu ci rabinta ba wata jar fitila ta kama a gabansa, mota ta soma ƙara. Usmanu ya ce ko a tsaya ta ɗan huce. Malam Atiku bai dube shi ba, ya ce, "In na tsaya mota ta sha iska, ɗiyar mutane hwa?" Haka ya ja ta har ƙofar asibiti a Isa. Fadima ta tashi. Bayan sati uku ta haifi 'ya mace.

Batirin dai bai tashi ba. Ya kai ta Sakkwato, aka duba aka ce ya dahu, sabo kuma ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Yanzu injinta ba ya hutawa, ana jin zuwanta tun daga nesa, tana shan mai kamar sauran. Shi ma ya gaji. Bayansa na ciwo, ido ya fara hazo, ya ce in Allah ya kai mu bayan Babbar Sallah zai ajiye makulli. Na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya daɗe yana juya gashin zabon nan a hannu, sannan ya ce, "Ɗana, ai don ɗaukar mutum anka yi ta." Wada ya bar zancen aljani. Ran nan na gan shi da kansa yana ture buhun wani fasinja daga wurin.

Malam Atiku, kai ne ka hana kanka kuɗin mutum guda kullum don motar talakawa ta daɗe, kuma kai ne ka ba da ita ranar da rai ya nemi wurin. Raƙumin bazara, mai kai kaya bai sha ba. Mu da ka ɗauka lokacin da ba mu da abin hawa wata, mun gode. Allah ya ba ka lafiyar baya, ya sa ka ga damina mai albarka. Ku kuma matasan da ke karɓar sitiyari yanzu, ku je ku zauna kusa da shi tun bai bar tasha ba. Ku koyi kula da abin da ke hannunku, ku kuma san ranar da ake sakinsa.

Shekaranjiya wani ɗan kasuwa, Alhaji Amiru, ya ajiye sabuwar mota irin tasa a gefen masallacin tasha, gilashi a sauke. Malam Atiku ya zo wucewa da butarsa, ya hango darduma an cusa ta daidai kan ragar. Ya tsaya, ya zura hannu ya janye ta, ya ninke ya ajiye a ɗaya gefen. Alhaji ya fito yana waya, ya shiga, motar ta zame ba ko ƙara. Malam Atiku ya tsuguna ya soma alwala.