Tarkon da Ya Kama Bitrus

Ranar wata Laraba ce bayan Babbar Sallar shekarar 2001, ƙanshin suyar nama bai gama barin lungunmu na Agege ba, Baba ya aike ni sitonsa in yayyafa wa kwandunan goro ruwa. Na shiga na ja ƙofar kwano na rufe, domin kullum faɗansa ke nan: "Goro ba ya son rana, ku rufe mini ƙofa." Da idona ya saba da duhu, sai na ga abu yana motsi a bangon da ke kallon ƙofar. Motar haya ce, danfo ruwan ɗorawa, take wucewa, tayoyinta a sama, rufinta a ƙasa. Bayanta ga mai tallan burodi tana tafiya a kife, farantinta yana lilo ƙarƙashin kanta. Ban gudu ba. Na bi siririn hasken har na gano wata 'yar huda a ƙofar, inda ƙusa ta fita. In na toshe ta da yatsa bango ya koma bango, in na ɗaga titi ya dawo a juye. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, yau abokina Bitrus ya shiga hannu.

A lokacin muna da wani wasa da muka ƙirƙira, muna kiransa Gidan Ƙasa. Manya suna kan benci da rediyo suna musun ko sojoji sun koma bariki ke nan har abada, mu kuwa muna bayan sito a durƙushe gaban ƙaton kwalin firiji da muka yanka ɗaki-ɗaki, lungu-lungu. Kowane yaro yana da jaruminsa, wato marfin kwalbar lemo. Ɗan ludo ne ke faɗin taku nawa za ka yi. Ana neman dukiyar Sarkin Aljanu a ɗaki na ƙarshe, doka kuma ɗaya ce: yatsanka ba ya barin marfinka. Ka ɗaga, jaruminka ya mutu. Ni ne mai gida. Ni nake gina ɗakunan, ni nake ba da labarin abin da ke cikinsu da murya mai kauri, ni kuma nake ɗana tarko.

Ba na son tarko mai sara ko suka, na fi son wanda ke yi wa ido ƙarya. Bayan na gama ɗebo ruwa da wanke ganyen goro, sai in bi bakin layin dogo ina tsince-tsince. Fasasshen madubin okada in kafa shi a karkace, lungun da ya toshe ya zama kamar doguwar hanya. Farar leda in shimfiɗa a kan rami in barbaɗa yashi, marfi yana hawa ya zurma. Wata rana na juya abin, na zana rami da gawayi na rufe da gilashi, wurin da ya fi ban tsoro ya zama shi kaɗai ne hanya. Tunde ɗan mai injin markaɗen maƙwabtanmu ya mutu a hannuna har ya gaji da zagina da Yarbanci. Ƙanwata Uwani kuwa kuka take ta ce za ta gaya wa Inna.

Bitrus kaɗai ne bai taɓa faɗawa ba. Mutanen kudancin Kaduna ne, babansa yana gadi a wani kamfani, ɗakinsu yana kallon namu. Yana zuwa wasa da tsinken tsintsiya a bayan kunne, kafin ya matsar da marfinsa sai ya tsokani gabansa. Tsinke ya ƙwanƙwasa madubi, ya huda leda, ya zame a kan gilashi. "Ni ban yarda da idona ba, oga, sai tsinkena ya taɓa," haka yake cewa yana dariya. A makon nan kuma aikin babansa ya ƙare, an ce ranar Asabar za su bi motar kaya su koma gida gaba ɗaya. In ban kama shi kafin nan ba, shi ke nan, zai tafi da sunan wanda ya gagare ni.

Na rataya farin buhu a bango don hoton ya fito sosai. Na lallashi Uwani da alawa ta yarda za ta ɗora kwando biyu a ka, ta lulluɓa da zanen Inna, ta riƙa kai da komo a bakin titi daidai ƙofar. Ranar Asabar da hantsi, ana ta ɗaure kaya a gidansu, na janyo Bitrus da Tunde cikin sito, na zaunar da su bayansu ga ƙofa, kwali a gabansu. Tunde ya mutu tun a ɗaki na biyu. Bitrus ya bi da tsinkensa har bakin ɗakin dukiya. Nan na zare tsumman da na cusa a hudar.

Dodo ya sauko daga rufi, kansa a ƙasa, yana kaɗa hannu. Tunde ya kurma ihu ya shige bayan kwanduna. Na zuba wa yatsan Bitrus ido, ina jiran ya bar marfi. Amma sai ya miƙa tsinke a hankali ya taɓa buhun, ya daɗe yana kallo, ya ce dodon nan takalmin Uwani ne a ƙafarsa. Saura taku biyu ya ci.

Jirgin ƙasa ya taso da ƙararsa, kwano yana girgiza, ba mai jin wani abu. Sai ga wata siffa ta shigo bango, mace a kife sanye da zanen zumuntar matan cocin su Bitrus, tana waige-waige, hannu a ƙugu. Na gane ta nan take, nemansa take. Na ƙara kaurara murya.

"Sarkin Aljanu ya rikiɗa ya zama mamarka. Yana kiranka ka waiwayo."

"Ka yi ƙoƙari, Sale," in ji Bitrus. "Wa ya ara maka zanen?"

Ya ɗauki ɗan ludo yana kaɗawa, ko gezau. Siffar ta yi ta girma har ta cika buhun. Ƙofa ta buɗe, rana ta watso, Maman Bitrus ta kama kunnensa ta ɗaga shi tsaye tana cewa direba yana jira shi yana nan yana wasa da bola. Marfin ya rage shi kaɗai a kan kwali. Ni da Tunde muka yi ta birgima cikin ganyen goro, shi kuwa ana jansa yana rantsuwa wannan ba ya cikin doka.

Mun bi motar da gudu har bakin babban titi. Bitrus yana zaune a kan katifa, har lokacin muna musu da hannu. Da motar ta fara nisa, sai ya zare tsinken daga bayan kunnensa, ya karya shi biyu, ya jefo mini.

Yau siton ya zama shagon gyaran waya, an fasa masa taga, fitila tana ci dare da rana. 'Ya'yana suna irin wasan nan a waya, da dodanni masu kyau da ba mu taɓa mafarki ba, amma wani ne can ya ɗana musu tarkon, bai san tsoronsu ba, bai san zanen uwarsu ba. Ban sake ganin Bitrus ba. Da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya riƙe biro, sunansa na roƙi malama ta koya mini bayan nawa. Har yanzu in na shiga ɗaki mai duhu, bango nake fara dubawa.