Hotunan Yaya Goma Sha Biyu

Yayata mai hoto ce. Shagonta na nan tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da littattafai, ɗaki ɗaya da farin labule a bango, da kujera marar jingina, da fitilu biyu da suka girme ni. Yaran unguwa ba su damu da sunanta ba, Anti Ɗago-Haɓa suke ce mata, don duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya sha wannan umarni, ko da kuwa haɓarsa na kallon rufi.

Shagon na Baba ne asali. 'Yan shekaru bayan Yaya ta gama sakandare ya faɗo daga tsani yana gyara fitila, ya karye a ƙugu. Ita ta yi jinyarsa, ita kuma ta karɓi kyamara, wai na wata uku kafin ya miƙe. A asibitin nan ne wata ma'aikaciya ta ɗaga hoton ƙashin Baba a gaban haske tana nuna mana inda ya tsage. Mu muna share hawaye, Yaya kuwa ta saki baki tana tambayar matar yadda ake ɗaukarsa. Da muka dawo gida ta ce ita karatun hoton asibiti za ta yi. Baba ya miƙe da sanda, amma bai ƙara iya tsayuwar aiki ba, wata ukun nan ya zama shekaru.

Jarrabawar shiga kwalejin da take so sau biyu ake yin ta a shekara, zaman farko da zama na biyu, wata biyar tsakaninsu. Kowane fom sai an manna masa ƙaramin hoto wanda bai wuce wata shida da ɗauka ba. Saboda haka duk ɗalibin unguwarmu da ya nufi jarrabawar sai ya bi ta kujerar Yaya, kuma ba ya fita sai da shawara, ya nema ko bai nema ba.

"Ku ɗauki zaman farko," take ce musu tana yanka hoto da almakashi. "In an dace, shi ke nan. In ba a dace ba, kun ga kamanninta, ga na biyu a gabanku. Mai jiran ya gama shiri ba ya shiga."

Ni ma haka ta yi mini, har da jan kunne. Na shiga zaman farko ina ƙunƙuni, na ci, na karanta fannin koyarwa a can, yanzu shekarata takwas ina koyar da lissafi. Ita kuwa in ka tambaye ta nata, sai ta ce zaman farko ya matso da yawa, lissafi bai zauna mata ba, na biyu za ta yi. In na biyu ya zo, shago ya cika da masu cika fom, wa za ta bar wa? Sai baɗi. Mun saba da wannan baɗin har muka daina jin sa, kuma wannan laifina ne da nake jin kunyarsa har yau.

Wata ranar Asabar da hantsi na je taya ta aiki. Ina neman almakashi na jawo durowar ƙasa, sai ga ambulan. Na zazzage shi a kan tebur, ƙananan hotuna suka zubo, duk na Yaya, kowanne da kwanan wata a bayansa da rubutunta. Goma sha biyu. Ashe kowace shekara takan saita kyamara ta ɗauki kanta don fom, ta yanka, ta ajiye, har wata shidan ya wuce hoton ya tashi aiki. Na jera su. A na farko kumatunta cike, a na takwas tabarau ya shigo. Babu ko ɗaya da ke da aibu, haske daidai, haɓa a ɗage.

A ƙarƙashinsu akwai takardar bayanin kwalejin ta wannan shekarar, an ja layi da biro a wuri guda: ba a karɓar wanda ya cika shekara talatin da biyar kafin ranar jarrabawa. Lissafi sana'ata ce, ban sha wahala ba. Yaya za ta cika talatin da biyar wata guda bayan zaman farko.

Ta shigo ta gan ni tsaye a kansu. "Wa ya aike ki durowata?"

"Yaya, wane zama za ki yi bana?"

"Na biyu mana. Saura mako bakwai na farko, me zan karanta a mako bakwai?"

"Na biyu ba za su karɓe ki ba. Ke kika ja layin nan da hannunki."

Ta zauna a kujerar masu hoto, abin da ban taɓa gani ta yi a gaban mutum ba. Ta daɗe tana goge tabarau da gefen mayafi kafin ta yi magana.

"Na sani, auta. In shekaru suka hana ni, zan ce shekaru ne. In na shiga na faɗi fa? Yaran nan da nake cika wa kunne su ci, ni in faɗi? Tsoro nake ji, wallahi. Shekara goma sha biyu ina cewa zan iya, ba na so in gano ƙarya nake."

Na zo da faɗa a bakina, amma na fasa. Tausayinta ya kama ni, da haushin kaina.

Baba yana bakin ƙofa a kujerarsa, inda yake wuni yana gaisawa da masu wucewa. Mun ɗauka gyangyaɗi yake yi. Sai muka ji sanda ta buga ƙasa.

"Babba," haka yake kiranta, "wata uku na ce ki riƙe mini shago. Na yi shiru don na ji daɗin zamanki, ban kyauta ba. Ranar jarrabawa ki rufe shi. Ni ma na taɓa rufe shi da rana tsaka, ranar da aka haife ki, kuma bai gudu ba."

Yaya ta mayar da tabaraunta. Ni kuwa na ga tana kan kujera, fitilu a kunne, sai na zagaya bayan kyamara. Ban ma iya ɗaukar hoto ba.

"Ɗago haɓa," na ce.

Ta harare ni, dariya ta kusa ƙwace mata, na danna. Hoton ya fito a karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, idonta ja. Ta ce wannan ko a katin ɓarawo ba za ta manna shi ba, bari ta sake. Na ce a'a, masu kyau ai ga su nan goma sha biyu, ba inda suka je. Na yanka shi da kaina, na manna, muka kai fom ranar Litinin kafin a tashi daga ofis.

Mako bakwai ina zuwa bayan na tashi daga makaranta. Tsakanin wannan mai son hoto da wancan muke yin lissafi a bayan takardun da suka lalace. Ɗaliba ce mai gardama, sai ta ce ba haka aka koya musu ba, in ce shekara nawa ke nan. Ranar jarrabawa na raka ta bakin ƙofa. Rabin layin yaranta ne, kowa riƙe da hoton da ta ɗauka. Suka yi ta kallon juna, sai wata yarinya ta ce, "Anti, ke ma zaman farko?" Yaya ta ce, "Ba ni na ce ku yi ba?" Ta shiga layi.

Ta ci, da ƙyar, maki huɗu sama da abin da ake nema. Yanzu tana shekara ta biyu, shago sai Asabar, Baba ne ke gaya wa mutane su dawo. Kwalejin kuwa hoton fom suke sa wa ɗalibi a katinsa har ya gama, don haka karkataccen hotona ne rataye a wuyanta kullum. Duk haɗuwarmu sai ta nuna mini shi ta ce na ɓata mata suna a sana'a.

Rannan na ce to ta kai musu ɗaya daga cikin na durowa su canza mata. Ta kai hannu ta rufe katin a ƙirjinta.

"Bar mini abina," ta ce. "Shi kaɗai ne ya fita daga shagon nan."